Tantin Mutum Biyu

Fa'izu ya zagaya rumfunan 'yan gwanjo na kasuwar Dutse har ƙafafunsa suka gaji, kafin ya tsaya gaban Mu'az, wani siririn ɗan kasuwa mai bakin tsiya.

"Shimfiɗar kwanan daji nake nema, mai sauƙin kuɗi," in ji Fa'izu.

"Gudun hijira za ka yi, ko uwargida ce ta kore ka?"

"Surukina zan kai wajen shanunsa, can bayan Buji."

Mu'az ya jawo katifar iska. Fa'izu ya tuna ƙayar dajin, ya girgiza kai. Gadon ƙarfe mai naɗewa kuwa, da ya ji kuɗinsa sai ya ajiye shi a hankali kamar ƙwai. Ƙarshe dai ya tashi da tsohon tanti kore mai faci a gefe, da katifar soso, da gidan sauro.

"Tantin na mutum biyu ne," in ji Mu'az. "Kai da tsohon ku baje, ku yi ta hira."

Maganar ba ta wasa ba ce a wajen Fa'izu. Baffa Lado, mahaifin matarsa Mashkura, bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, ciwon ƙirji ya kusa tafiya da shi. Likita ya ce kada sanyi ya sake kama shi, ga shi kuma damina ta yi nisa. Amma tsoho ya kafe sai ya ga shanunsa da idonsa. Da asuba Mashkura ta riƙo hannun rigar mijinta a zaure ta ce, "Ka yi min alkawari ba zai kwana a ƙasa ba." Ya yi mata.

Sun bar kwalta da hantsi. Tsohuwar akori-kurar da Fa'izu ya aro ta dinga nutsewa cikin yashi tana fita, buhunan kanwa da dusa suna tsalle a baya. Sai bayan la'asar suka iso mashekarin, inda 'ya'yan Baffa suka yada zango da garken. Ba kowa, duk suna wajen kiwo. 'Yan bukkokin ledarsu ko ɗan akuya ba za su tsare wa ruwa ba, kuma gabas ta fara haɗa baƙi.

Fa'izu ya kafa tanti, ya shimfiɗa katifa, ya ja baya yana murmushi.

"Baffa, ga masauki. Ya ishe mu mu biyu."

Tsohon ya dubi tantin, ya dubi ƙasa. "Madalla. Allah ya yi albarka." Sai ya ɗauki buzunsa da butarsa, ya taka zuwa gindin wata tsamiya, ya shimfiɗa a kan danshi ya zauna, ya ba tantin baya.

Fa'izu ya haye kan motar. Ya yi ta ɗaga waya sama har sabis ya kama, ya kira Mashkura.

"Ya ƙi shiga," ya raɗa.

"Me ka ce masa?" in ji Mashkura.

"Na ce ya ishe mu mu biyu."

Ta ja numfashi. "Haba maigida. Baffan da ko ruwa ba ya sha a gabanka, shi zai miƙe ƙafa kusa da kai? A wajenmu suruki ba ya kwana inda surukinsa zai ji numfashinsa."

"To na bar masa, ni na kwana a mota."

"Ba zai karɓa ba. Ya riga ya ji ka ce da kai a ciki. Zai ga ya raba ka da makwancinka, wannan kuma wata kunyar ce. Baffa ba ya son a yi masa alfarma, shi ya saba yi wa mutane."

Sabis ya ɗauke. Daga gindin tsamiya tari ya taso, busasshe, mai tsawo.

Fa'izu ya zauna a kan buhun kanwa, ya dafe kai. Can nesa ya fara jin kukan shanu suna dawowa. Ya dubi buhun da yake kai, ya dubi bayan motar: nesa da ƙasa, busasshe, ga ƙarafan da ake ɗaura tamfol. Ya diro.

Ya tura buhunan gefe guda, ya ɗauko katifar ya shimfiɗa a tsakiya, ya rataya gidan sauro, ya ja tamfol ya ɗaure tamau ta ko'ina, ya bar ƙofa ta baya. Ya sauke buhun dusa ɗaya ya ajiye a ƙasa wajen takawa. Sannan ya je ya durƙusa nesa kaɗan da buzun.

"Baffa, wata matsala ce ta taso min."

"Ina ji, Malam."

"Kanwar nan. In shanu suka ji ƙanshinta cikin dare, za su farke buhunan. Ni kuma in na kwanta, ko ganga aka buga a kaina ban sani ba. Ga shi ba su san muryata ba. Na rasa wanda zai kwana kusa da ita."

Baffa Lado ya daɗe yana jan carbi. Gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"Akwai wata ja mai karyayyen ƙaho," ya ce. "Ɓarauniya ce tun tana maraƙa. Ba za ka iya da ita ba."

"Shi ne na gani, Baffa."

"To. Wannan ɗakin naka kuma, ja shi can bayan kalgon. Nan hanyar shanu ce."

Ba hanyar shanu ba ce, amma Fa'izu ya tuge tantin, ya kinkime shi sai bayan kalgo, inda ba a hango motar. Ya samu dutse ya shiga buga turaku, ya ƙi waiwayowa. Iska mai sanyi ta taso, ɗigon farko ya sauka a wuyansa.

Sai ya ji motar ta yi ƙara ta ɗan nutsa, kamar yadda take yi in mutum ya hau.