Bakin Teku a Tsakar Makaranta

"Ba zan tuɓe musu riguna ba," in ji Semhar, malamar yaran.

Weizero Letebrhan, mai makarantar, ta ɗago kai daga wayarta. "Me kika ce, 'yata?"

"Kin ji ni sarai. Dubi sama mana."

Watan Yuli ne, tun safe ruwa yake zuba a Asmara, da sanyin nan mai ratsa ƙashi. Amma littafin koyar da Italiyanci da aka aiko wa makarantar ya ce Yuli lokacin zafi ne, na rana da teku da askirim. Shi ya sa Weizero ta sa aka juye yashin gini a tsakar makaranta, aka kafa lema. So take a ɗauki yaran hoto da ɗan kamfai, a tura wa iyayensu masu aikatau a Milano, su ga 'ya'yansu sun waye.

Semhar ta dubi yashin. Ya jiƙe sharkaf, kyanwoyin unguwa sun mayar da shi masai, wari kawai yake yi. Ga wasu kofunan takarda an cusa musu auduga, wai askirim ke nan. Yaran, 'yan shekara huɗu da biyar, suna tsaye a baranda, majina na zuba, suna rawar ɗari.

"Minti nawa ne? Su ce mare, wato teku, su yi dariya, shi ke nan," in ji Weizero. "Ke da kika yi jami'a, yashi ne ya gagare ki?"

"Kashin kyanwa ne ya gagare ni, Mama. In teku kike so, ga hanyar Massawa can."

"Iye! Bakinki ya buɗe, ko? Kin manta sunan wa na bayar a tura kwas Italiya?"

Semhar ba ta manta ba. Shekara biyu tana share majina da wanke wanduna tana jiran wannan kwas ɗin. Ta juya ta kora yaran cikin aji, ta buɗe taga. A bakin ƙofa wata tsohuwa tana ɓare beles, 'ya'yan itacen ƙaya da ake sha da damina. Semhar ta sayo, ta raba musu.

"Wannan fa?" Ta miƙa hannu cikin ruwan sama. "Pioggia. Ku ce in ji."

"Pioggia!" suka amsa da ƙarfi, bakinsu duk ruwan beles.

Kashegari Weizero ta sallami Semhar, ta kawo 'yar ƙanwarta, wadda ta tuɓe yaran, aka ɗauki hoton. Semhar ta gani daga bakin titi, ta tofar da yawu. Aikin ya tafi, kwas ɗin ma an ba 'yar ƙanwar. Ta ja mayafinta, ta taka zuwa gida cikin taɓo.