Gargaɗin da Ya Zo Daga Shinkafi

Kai, an yi zamani a Kaura Namoda. Shekara biyu da ƙaddamar da Shari'a, jihar Zamfara kanta tana ɗanya shakaf, kowa na ji da kansa, kuma a duk layin bayan tashar jirgi gida ɗaya ne tal ke da kwamfuta: gidan Malam Sodangi.

Tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Shekara talatin ya yi yana karɓar jakar wasiƙu daga jirgi, ya ɗaure ta bayan babur, ya bi ta Zurmi ya wuce Shinkafi, ko ana ruwa ko ana rana. Da ya yi ritaya sai ya bi ya lalace da zaman banza, ba ya ko son a gaishe shi. Ɗiyarsa Nusaiba, mai koyar da kwamfuta a Gusau, ita ta ga abin ya isa haka, ta ɗauko tsohuwar na'urarta ta kafa masa a ɗakin zaure, ta haɗa ta da layin tarho. In na'urar za ta ɗauko wasiƙu sai ta yi ta wani irin kuka kamar ana jan akuya zuwa kasuwa, yara su taru bakin taga suna dariya. Malam kuwa sai ya gyara hula, ya ce a yi shiru, jirgi ya iso.

Kafin wata uku ya zama gidan waya guda shi kaɗai. Duk mai ɗa a Kurmi ko a ƙasar waje ya ba da adireshin Malam. Ya karanta wa mutum wasiƙarsa, ya rubuta masa amsa da yatsa ɗaya, a sha shayi, a watse. Wallahi ko lokacin da yake cin albashi bai yi farin ciki irin na wannan shekarar ba.

Cikin masu zuwa akwai Gimbiya, wata dattijuwa daga Banga. Ɗanta Ado direba ne a Jidda. Wasiƙa ɗaya ya taɓa aikowa, da hotonsa a haɗe, yana tsaye jikin farar mota yana murmushi. Bayan wata biyu wani abokinsa ya rubuto cewa Ado ya kwanta ciwo ya rasu, an rufe shi can. Babu injin buga takarda a gidan, don haka wasiƙar da hoton suka zauna cikin kwamfutar, kuma ban da su Gimbiya ba ta da komai na ɗanta da za ta kalla. Duk ran kasuwa, in ta sayar da daddawarta, sai ta biyo ta zauna bakin tabarma. Malam ya buɗe hoton, ya karanta mata wasiƙar tun daga sallama. Ba ta kuka. Ta dai kalla ta ƙoshi, ta yi godiya, ta kama hanya.

Nusaiba ta sha ja masa kunne. "Baba, akwai ƙwayar cuta da ke zuwa cikin wasiƙa. Duk abin da aka liƙo, in ba ka san da zuwanshi ba, kada ka buɗe, ko da sunana ka gani." Ta sa masa rigakafi a na'urar, tana sabunta shi duk zuwa. Malam ya riƙe wannan magana gam, har ya zarce, don har mayafi ya sa aka ɗinka wa kwamfutar.

To, ran wata Laraba da hantsi sai ga wasiƙa daga Dogo, abokin aikinsa na Shinkafi, mutumin da suka yi shekara ashirin suna miƙa wa juna jaka ba a taɓa rasa ko kan sarki ɗaya ba. Da Turanci take, manyan baƙaƙe. Wai wata muguwar cuta ta shigo, tana ɓoye cikin duk wasiƙar da ta zo da hoto daga ƙasar waje, babu rigakafin da ke ganinta, kuma ran Juma'a za ta farka ta kashe na'ura ɗungurum. A goge irin waɗannan wasiƙu duka, a zubar da kwandon sharar na'urar, sannan a isar wa duk wanda aka sani.

Malam ya zabura. Ya buga wa Nusaiba waya har sau huɗu, layin Gusau ya ƙi shiga. Ya tashi, ya zauna, ya sake karantawa. Da wani ne, da ya tsaya ya ce, wa ya faɗa wa Dogo? Amma mutumin da ya yi rayuwarsa yana isar da saƙo bai saba tuhumar takarda ba. Dogo ya aiko, an ce a isar, magana ta ƙare. Nan take ya tura ta ga mutum goma sha huɗu.

Sannan ya shiga gogewa. Da ya iso kan ta Ado hannunsa ya tsaya. Ya buɗe hoton, ya daɗe yana kallo. Zuciyarsa ta ce bar wannan. Sai kuma ya tuna in na'urar ta mutu, unguwa guda ce za ta rasa labarin 'ya'yanta saboda tausayin mutum ɗaya. Ya yi bisimilla ya danna. Kuma da yake shi ba ya aiki rabi da rabi, ya bi kwandon sharar ya zubar tas.

Nusaiba ta iso ran Asabar. Yana ba ta labari da alfaharinsa, ita kuwa tana karanta gargaɗin, fuskarta na canzawa.

"Baba, wanga ƙarya ce tsagwaronta. Babu wata cuta. Wani ɗan banza ne yaz zauna yar rubuta, don ya san mutanen kirki za su goge kayansu da hannunsu."

"Dogo hwa yat turo!"

"Shi ma turo mishi aka yi. Duk wadda kaj ji ta ce yi maza, kuma aika wa kowa, to ka aje ta har ka tambaya."

"Ta Ado hwa?" Muryarsa ta sauka. "Ana iya maido ta?"

Ta yi wuni guda a kai, ko abinci ba ta ci ba. Da la'asar ta ɗago ta girgiza kai, shi ma bai sake tambaya ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ya zauna ya rubuta wa mutum goma sha huɗun nan ɗaya bayan ɗaya cewa saƙon da ya isar musu ƙarya ne, su yafe masa. Bai taɓa rubuta irin wannan ba a rayuwarsa.

Ran kasuwa Gimbiya ta yi sallama, ta aje ƙwaryarta, ta zauna inda ta saba. Malam ya kwana biyu yana shirya yadda zai lallaɓa maganar, amma da ya ga ta gyara mayafi ta fuskanci na'urar, sai duk ya zube.

"Gimbiya, na yi miki ɓarna. Wasiƙar da hoton, na goge su da hannuna. An ruɗe ni, kuma ban tambaya ba. Ba su dawowa."

Ta dube shi, ta dubi gilashin na'urar.

"Hoton ma?"

"Har shi."

Ta sunkuyar da kai, tana murza bakin zanenta. Can ta ce, "Malam, ɗauko abin rubutunka. Ni ban yi boko ba, amma na ji ta sau ashirin da ɗaya."

Ya jawo kujera. Ta fara daga sallama, ta bi ta gaisuwar ƙannensa, ta zo inda yake tambayar ko an gyara katangar da damina ta kayar, da inda ya ce zafin can ya fi na gida. Malam ya rubuta "ina nan tafe bayan Salla", ta ce a'a, "in Allah ya yarda" ne a gaba, ya gyara. Ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba.

Har suka iso ƙarshe. "Ni ne ɗanki," in ji ta, sai ta tsaya.

Ɗan fari ne. Tun ran suna ba ta taɓa kama sunansa da bakinta ba, sai dai ta ce yaron nan. Malam ya sani, ya miƙa yatsa zai cike mata.

"Bari," ta ce. Hawayen da bai taɓa gani ba suka zubo. "Ado. Rubuta Ado."