Matan Tsinta Ba Su Cikin Rajista

A shekarar 2000 aka sanar a rediyo cewa mafi ƙarancin albashi ya koma naira dubu biyar da ɗari biyar. Lokacin Indo tana tsintar gyaɗa a wata masana'antar man gyaɗa da ke bayan Ƙofar Guga. Wata ya ƙare, aka miƙa mata dubu biyu kamar kullum. Na biyu ma haka.

Ta yafa mayafinta ta nufi ofishin ƙwadago. Jami'in da ta tarar, Malam Almu, ya saurare ta har ta gama.

"Inna, magana da baki ba ta isa ba, sai koke a rubuce," in ji shi. "Kuma dokar ba ta hawa kan mai kamfani sai ma'aikatansa sun kai hamsin. Alhajinku ya rubuto mana ku arba'in da ɗaya ne."

"To mu matan tsinta fa? Ba mutane ba ne?"

"Ba ku cikin rajistarsa. In da shaida, ki kawo."

Sagiru mai kula da inji ya iya boko, shi ya rubuta koken. Indo kuwa ta riƙa bin gidajen ma'aikata bayan la'asar, tana karɓar sunaye da dangwalen yatsa. Abokiyar aikinta Rabi ta ɓoye hannu cikin zane.

"Yaya Indo, in aka kore ni, me zan ba yara?"

Sau uku Indo tana komawa gidanta. A na ukun Rabi ta dangwala tana hawaye.

Labari ya kai kunnen manaja, ya sallami Indo ranar Litinin. Ranar Talata ta kai takardar ofis, da sunaye hamsin da uku.

"Sai na ƙirga da idona," in ji Malam Almu.

"Ka zo Alhamis da safe, ranar ake sauke sabuwar gyaɗa. Kada ka sanar da kowa."

Ya zo, ya ƙirga mutum hamsin da shida. Ya rubuta wa Alhaji wasiƙa cewa ya biya, ko a haɗu a kotu.

Ƙarshen wata kowa ya karɓi sabon albashi, amma ba a mayar da Indo ba. Da Rabi ta kawo mata tiyar gero tana ba ta haƙuri, Indo ta karɓa ta yi godiya.

"Ki ce wa Sagiru ya biyo gobe da biro," ta ce. "Maganar korata ta rage."