Takwas Huɗu da Babu a Kaset

"Ba zan yanke ba," in ji Maestro Zegarra, shugaban makaɗa, daga cikin ramin da makaɗa ke zama a gaban dandamali. "Wanda ya rubuta kiɗan nan ya mutu. Ba zan bi shi kabari da almakashi ba."

Doña Herminia tana bakin dandamali, ta riƙe ƙugu. Ita ce mai makarantar rawarmu, ita ke shirya wasan rawar bale ta Turawa na ƙarshen shekara a garinmu Arequipa tun kafin a haife ni. Ta ce masa shekara ashirin da shida ana wasan nan ba tare da shi ba, kuma gari bai rushe ba. Ya ce ya sani, ya taɓa zuwa kallo, ya fita a tsakiya.

Ina tsaye a tsakiyar dandamali cikin farin wando mai kama jiki, gumi na bushe mini a baya. A kaina ake faɗan. Ba wanda ya dube ni.

Duk shekarun nan da kaset muke rawa. Bana iyayen yara suka dage sai an kawo makaɗa na gaske, mutum arba'in, don su sami abin yi wa maƙwabta fariya. Makaɗan sun zo Alhamis da rana, wasa kuma Asabar. Da aka zo rawar yarima, wadda zan yi ni kaɗai, na yi tsallena, na juya, na sauka a gwiwa ɗaya, na buɗe hannu. Kiɗa bai tsaya ba. Mu da takwas-takwas muke ƙirga taku, sai na ƙirga a durƙushe. Takwas huɗu. Wata mai goge ta leƙo daga rami ta yi dariya.

Ashe kaset ɗin yankakke ne. Doña ce ta sa aka cire takwas huɗun nan tun da daɗewa, lokacin da mijinta ke rawar yarima da tumbinsa, numfashinsa ba ya kaiwa. Mijin ya rasu, yankan ya zauna. Yarima bakwai sun wuce a kai, kowanne yana ganin kansa gwani.

Shekara shida ina ɗaya daga cikin ɓerayen wasan, da kan ɓera na kwali a wuyana, ina shaƙar warin gumin wanda ya sa shi kafin ni. Bana ne za a fara ganin fuskata. Tun watan Satumba Doña ta gaya mini, in na kunyata ta sau ɗaya, baɗi ina cikin ɓeraye.

Na ce ta ba ni taku na cike wurin, kwana biyu sun ishe ni. Ta ce yadda marigayi mijinta ya bar rawar haka za ta zauna, ko ɗaga gira ba za a ƙara ba. Maestro ya ce shi ma a wurin ne mai sarewarsa ke nuna abin da ta iya, ba zai hana ta ba saboda wani mai farin wando.

"Wilber ne sunansa," in ji Doña.

"Allah ya raya."

Sai ta zaro agogonta. Ta ce a kaset rawar minti ɗaya ce da daƙiƙa hamsin. Maestro ya duba takardarsa, ya shafa sanƙo, ya ce in haka ne zai iya cusa kiɗan duka cikin wannan lokacin, sauri kawai zai ƙara. Fuskarta ta saki. Ta ce dama ta san shi mutumin kirki ne. Ya ce ita ma tarihi ce a garin nan.

Yarinya 'yar shekara takwas a ajin farko ta san sauri ba ya rage ƙidaya. Doña da Maestro kuwa sun haura sittin.

Aka gwada. Kiɗan ya zo kamar an koro shi. Na bi shi, na rasa ƙafa a juyi na biyu, na sauka a karkace, na durƙusa. Takwas huɗun suna nan, sai dai sun wuce da wuri. Doña ta kalli agogo ta ce daidai. Daga nan ta ce laifina ne, wa ya ce in saurari kiɗa? In bi kaset ɗin da ke kaina, ita za ta ƙirga mini daga gefen labule.

Aka sake. Tana ƙirgawa da baki, ina bi. Ni da makaɗa muka gama tare, amma ko tsalle ɗaya bai faɗa kan ganga ba. Iyaye mata uku da ke zaune a kujerun baya suka daina hira. Ɗaya ta rufe baki da jaka.

Maestro ya ce wannan rawar bugaggu ce, a gidan wasa sandarsa ta jagorantar kiɗa ake bi. Doña ta ce a dandamalinta muryarta ake bi. Cikin fara'a suka faɗi haka, sun riga sun shirya. Ta tafa hannu a shigo da yara masu rawar ƙanƙara. Suka kwararo su ashirin, suna ture ni ta kowane gefe. Maestro ya juya shafi, ya ɗaga sanda.

Na matsa bakin dandamali, tsakaninta da ramin.

"Doña, ranar Asabar wa zan bi, ke ko shi?"