Diyyar Ajuma

Da labari ya iso ƙauyen Tanda cewa Nasara sun 'yanta bayi, Rabo ya tafi Gaya neman diyyar baiwarsa Ajuma. Ya tafi da ita don kwamandan Nasara ya ga asarar da ya yi.

A bariki, tafintan kwamanda ya ce ba a biyan kowa. Sai Ajuma ta matso.

"Ni fa? Shekara talatin ina noma masa hatsi. 'Ya'yana biyu ya sayar ƙetaren kogi."

"Ke an ba ki 'yanci, iya," in ji tafinta. "Tafi gida."

Tun tana ƙarama aka kamo ta, ko sunan garinsu ba ta tunawa. Ta daɗe tsaye a ƙofar bariki. Da Rabo ya hau jakinsa, ta ɗora kayansa a ka, ta bi shi.