Waƙar da Maccido Ya Saya

Illo mawaƙin noma ne daga Dundaye. In dai gayya ce ba shi da na biyu, yana buɗe baki sai ka ga ragon ƙauye ya tsere wa ƙato a kuyyar gona. Amma waƙar noma da damina take ci, rani na shigowa ta bar mai ita da hamma. Abin da manomi zai ba ka bai wuce damin gero ba, shi ma sai kaka ta yi kyau.

A shekarun da Nasara suka zauna Sakkwato suka buɗe kantunan sayen fatar jar akuya, sai ga sababbin masu arziki sun tsiro a birni. Ba su gaji sarauta ba, amma suna son a kira sunansu da ganga. Illo ya ce abincinsa ya zo. Ya ɗebo makaɗinsa Sodangi da 'yan amshinsa, suka sauka a unguwar Gawon Nama, gidan gwaggonsa Atika, tsohuwar zabiya ce da murya ta ƙare mata ta koma sayar da fura.

Tun a hanya Sodangi ya faɗa masa gaskiya. “Illo, don zumunci munka biyo ka, amma kowa na da iyali. In ruwan hwari ya sauka ba mu samu ubangida ba, ni da 'yan amshi za mu bi wani mawaƙi. An riga an yi muna magana.”

Illo ya san abin da ake nufi. Mawaƙin da ba makaɗi ba amshi, mai ihu ne kawai a bakin hanya.

Wanda ya sa wa ido shi ne Maccido, babban dillalin fatu, mai gidan soro, mutumin da ƙamshin turarensa ke riga shi isa wuri. Illo ya shirya masa waƙa, suka tsaya ƙofar gidansa da hantsi suka saki ganga. Ya kira shi bajimin fadama, ya kira shi mai tsaga kuyya ba ya waiwaye. Maccido yana zaune a zaure, ya bari har suka kai ƙarshe.

“Wagga waƙa ta wa ta?” in ji shi.

“Taka ta, ranka shi daɗe.”

“Ka taɓa ganina da hauya?”

Ya sa aka miƙa musu goro, aka sallame su.

Abin da Illo ya yi bayan nan kuwa, sai dai a ce gaggawa ta rufe masa ido. Maimakon ya zauna ya yi tunani, sai ya cire sunan Maccido ya sa na Hayatu mai tufafi, ya cire fadama ya sa kasuwa, kiɗa da amshi duk yadda suke. Ya manta birni ba ƙauye ba ne, abin da aka rera a ƙofar gida da hantsi, kafin azahar yana bakin 'yan koli. Hayatu bai ma bari an gama baitin farko ba ya ɗaga hannu.

“Tsaya, malam. Rigar da anka ɗinka ma Maccido yaƙ ƙi, ita kak kawo mani in sa? Ni sabo nike saidawa, ban san kwance ba.”

Rumfa ta ɗauki dariya. Kafin su fita kasuwa suna ya bi shi, Illo mai waƙar kwance. Ba mai arzikin da zai yarda a yi masa waƙar da aka taɓa kai wa wani, kuma yanzu kowa zai yi zargin duk abin da ya fito bakin Illo. A hanyar komawa Sodangi gabas kawai yake kallo, inda gajimare ya fara taruwa.

Atika tana kirɓa fura ta ce ya rera mata waƙar. Ya rera cikin haushi. Ta ajiye taɓarya.

“Muryarka lahiya lau take. Amma ba kowa cikin waƙag ga, shi yas sa ta shiga kowa. Wane na uban Maccido?”

Illo ya girgiza kai, bai sani ba.

“Ka gani? Rigar mutum kag gani kay yi ma waƙa. Mu da munka yi waƙa, ba mu buɗe baki ga mutum sai mun san wa yah haihe shi, mi yac ci yag girma. Tashi ka nemo.”

Ya tashi ya nema. Abin mamaki, duk wanda ya tambaya sai ya kawar da kai ya shiga wata magana. Wani mai jakai ne ya tausaya masa, ya nuna masa hanyar gulbi da leɓe, ya ce ya bi wari.

Warin ya kai shi majema, inda ake jeme fata. Maza ne tsugune a bakin tukwane, hannuwansu sun rine da ruwan bagaruwa, wasu na kankare gashi da kartaji. Da ya ambaci Maccido sai suka yi tsit. Da ya tambayi ubansa kuwa, baki ya buɗe. Siddiƙu sunansa, majemi ne, a nan ya rayu a nan ya rasu. A shekarar yunwa, da rumbuna suka ƙare, ya sayar da tukwanen jimarsa da fatun da ya tara ya sayo shinkafa, unguwa duka ta ci a gidansa har ruwa ya sauka. Wani dattijo ya ce ba don Siddiƙu ba da ba ya nan yana ba da labari. Maccido kuwa tun da kanti ya ɗaga shi ya tashi daga unguwar, ko ta'aziyya sai dai ya aiko.

Illo ya zauna ya saurare su har yamma. Ya riƙa zuwa yana zama tare da su, suna ba shi tuwo, yana ɗinka waƙa kaɗan-kaɗan. Bai ankara ba sai ya ji majema sun ɗauke amshin, suna yi kartaji na tafiya daidai da shi:

“Siddiƙu na bakin gulbi,
hannunka baƙi, tuwonka fari.”

Da Sodangi ya ji waƙar, sai da ya ajiye makaɗi ya share ido. Sannan ya ce, “Ba ka taɓa yin kamarta ba, kuma ita za ta kashe mu. Mutumin ga turare shike zubawa don kak a tuna inda yat taso. Kai kana ganin yabo, shi zambo za shi gani. In yaj ji haushi, ba goro za a ba mu ba, sanda ta.”

“To mi kake so in yi? In koma ga hauya?”

“Ni dai na hwaɗi. Za ni kaɗa maka wannan karon, shi ke nan.”

Dama ta zo da kanta: matar Maccido ta haihu, aka sa ranar suna. Da safen nan gari ya tashi a lumshe, iska mai sanyi tana kaɗawa, kowa ya san ruwan fari ya kusa. Ƙofar gida ta cika da attajirai, har da Hayatu a kan shimfiɗa ta gaba. Maroƙa suna ta jingina Maccido da manyan malamai da mayaƙa waɗanda ko a mafarki bai haɗa jini da su ba, shi kuwa yana gyaɗa kai. Illo ya tsaya can baya. Ya fara tunanin ko ya juya.

Sai liman ya yi addu'a, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi sunan jariri: Siddiƙu.

Illo ya dubi Sodangi. Mutumin da ya sa wa ɗansa sunan ubansa ai bai manta da shi ba. Sodangi ya cije leɓe ya buga ganga.

Wani ya ce, “Ga mai kwance nan.” Aka yi 'yar dariya. Illo ya shiga fili ya saki murya:

“Shekarar da rumbu ya yi shiru,
wa ya sai da tukwanen jima ya ciyar da unguwa?”

'Yan amshi suka karɓa. Dariya ta ɗauke. Ya ambaci gulbi, ya ambaci bagaruwa da kartaji, ya ambaci yaran da suka rayu da tuwon gidan nan, ya ce ga ɗa ya gina soro, ga jika ya ɗauki suna. Ba wanda ya motsa. Hayatu ya rufe baki da hannun riga, ba a san ko murmushi yake ɓoyewa ba. Maccido kuwa kansa na ƙasa, goron da ke hannunsa ya faɗi bai ɗauka ba.

Waƙa ta ƙare. Maccido ya miƙe ya nufo su, Sodangi ya ja da baya ya rungume ganga. Sai da ya zo dab da Illo ya tsaya. Idanunsa sun yi ja. Ya kama wuyan babbar rigarsa mai aiki, ya tuɓe ta, ya zura wa Illo a gaban kowa. Wuri ya kaure da sowa, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Kowa ya san ma'anar wannan: Illo ya sami ubangida, waƙa kuma ta zama ta wanda ya ba da riga.

Maccido bai saki kafaɗarsa ba. Ya matso da baki kusa da kunnensa.

“Waƙag ga tawa ta yanzu?”

“Taka ta, ranka shi daɗe.”

“Ba ka yi ƙarya ko ɗaya ba. To ka aje ta. Kak ka sake rera ta, ko nan ko wani wuri, ina raye ko na mutu. Ka yi mani wata, ta kanti da raƙuma.”

Ya juya ya koma shimfiɗarsa.

Yayyafi ya fara sauka suna hanyar komawa. 'Yan amshi suna ta shafa rigar suna dariya, Sodangi yana cewa bana kam ba mai raba su. Illo bai gaya musu komai ba sai da hanya ta biyo da su ta gefen majema. Labari ya riga su isa. Majema suka miƙe daga bakin tukwane, dattijon nan a gaba, suka ɗaga baƙaƙen hannuwansu suka saki amshi:

“Siddiƙu na bakin gulbi,
hannunka baƙi, tuwonka fari.”

Suka tsaya, suna jiran ya shigo da baitinsa. Sodangi ya ɗaga makaɗi, Illo ya riƙe masa hannu.

“An saye ta,” in ji shi.

Majema ba su ji ba, ko kuwa ba su gane ba. Suka sake yin amshin da ƙarfi, suka sake bar masa wurinsa. Illo ya tattare rigar don kada ta taɓa ruwan jima, ya sunkuyar da kai ya wuce. Har suka yi nisa yana jin su suna yi, suna tsayawa, suna jiransa.