Babur ɗin Baba Badamasi Ya Hau Hada

"Ka murɗa shi sosai, Munzali, ba jaki ba ne!"

Baba Badamasi ne ke min tsawa daga kan katifar da aka shimfiɗa masa a bakin ƙofa. Ciwo ya cinye jikinsa, amma bakin nan yana nan daram.

Maƙwabcina ne a unguwar Ka'akiyya, makanike. Babur ɗin ɗan Italiya ne, na doguwar tafiya, a wurin 'yan gwangwan ya samo shi ya farfaɗo da shi. Kawunan injinsa biyu sun leƙo dama da hagu don su sha iska. Ba shi da sarƙa, sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya. An ƙera shi don ƙetare ƙasashe, ga shi a hannun mutumin da ba shi da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, wanda ko shingen bincike bai isa ya tunkara ba. Iyakarsa ƙarshen layinmu.

"Kai kana da takardu," ya ce. "Ka kai min shi Hada, hanyar Ɗa'ifa. In ya hau dutsen nan bai yi zafi ba, khalas, na san gyarana ya yi."

"Baba, in kun warke ma je tare."

"Yalla, tafi. Ni da kai mun san zancen."

Na tafi raina a jagule. Amma babur ɗin nan! A kowace kwanar hanya yake kwantawa ya miƙe kamar ya san hanyar, kujerar ba ta gajiyar da baya, injin ko tari bai yi ba. A sama na sayi rumman, na cusa a akwatin gefe, na juyo.

Da la'asar na shigo layinmu, sai na ga takalma jibge a ƙofarsa. Na kashe babur ɗin na sauka.

Matarsa Ɗaso ta leƙo ta bayan labule, idanunta jajur.

"Inna, ya hau," na ce. "Wallahi ya hau."

"Ya sani, ɗana. Tun kana babban titi ya jiyo ku. Ya ce min, 'Saurari, lafiyayye ya dawo.' Sannan ya yi kalmar shahada, ya cika."

Na zauna a dakali na yi kuka sosai. A gefena injin yana hucewa, yana ƙas, ƙas, a hankali.